Gurɓatar Ƙasa da Sinadaran Haidirokabon: Darasi Daga Mahaƙan Kwal Zuwa Garejojin Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bakin garejin kanikawa ya san wata irin baƙar ƙasa mai maiƙo, wadda komai albarkar damina ciyawa ba ta tsirowa a kanta. Irin wannan ƙasa ake samu a gindin injin niƙa, da wurin da ake ajiye janareta, da filin da ake babbakar kai da ƙafa da tayar mota. A garuruwan da ake haƙar kwal ko ake ƙona shi kuwa, wannan baƙar ƙasa takan mamaye kadada mai yawa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare duka shi ne wani rukunin sinadarai da ake kira haidirokabon. Wannan maƙala za ta yi bayanin waɗannan sinadarai, da yadda masana'antun kwal suka zama makarantar da duniya ta fara gane illarsu, sannan ta dawo gida ta duba yadda darasin ya shafi mutanen Dutsin-Ma da Kurfi.

Mene ne Haidirokabon?

Haidirokabon shi ne duk wani sinadarin da aka gina da ƙwayoyin zarra iri biyu kawai, wato kabon da haidirojin. Iskar gas ta girki da fetur da kananzir da man gas da man juye da kwalta, duk mafi yawan abin da ke cikinsu haidirokabon ne. Bambancinsu yana ga yawan ƙwayoyin kabon da kuma yadda suka jeru. A wasu, ƙwayoyin kabon sukan jeru kamar tsarkiyar tasbaha. A wasu kuwa sukan haɗu shida-shida su yi zobe. Mafi sauƙi cikin masu zobe shi ne benzin, wanda ke da kabon 6 da haidirojin 6. Masanin nan na Ingila, Michael Faraday, shi ya gano shi a shekarar 1825, sannan Bajamushe August Kekule ya bayyana siffarsa ta zobe a 1865.

Idan zobba biyu ko fiye suka manne da juna kamar ɗakunan saƙar zuma, sai a sami abin da ake kira haidirokabon masu tarin zobba, waɗanda masana ke taƙaita sunansu da haruffan PAH. Naftalin, wato sinadarin da ke cikin farin kafur ɗin da ake sa wa tufafi, yana da zobba 2. Benzofairin yana da zobba 5, da kabon 20 da haidirojin 12. Akwai ɗaruruwan irinsu, amma Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ware guda 16 waɗanda ake fara nema idan ana auna gurɓatar ƙasa ko ruwa.

Akwai ƙa'ida guda wadda ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin sauran darasin a kanta ya dogara. Gwargwadon ƙarancin zobba, gwargwadon saurin tashin sinadarin cikin iska da narkewarsa cikin ruwa. Gwargwadon yawan zobba kuwa, gwargwadon yadda yake ƙin ruwa, yake manne wa ƙasa da kitse, yake kuma daɗewa bai ruɓe ba. Saboda haka masu sauƙi su ne ke gudu zuwa rijiya, masu nauyi su ne ke zaune a gona shekara da shekaru.

Masu tarin zobba suna samuwa ta hanyoyi biyu. Wasu suna nan tun asali cikin kwal da ɗanyen mai. Mafi yawa kuma suna haifuwa ne a duk lokacin da aka ƙona wani abu mai kabon ba tare da isasshiyar iska ba, ko kwal ne ko itace ko taya ko leda. Baƙin hayaƙi da kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafa alama ce ta irin wannan ƙuna da ba ta kammala ba.

Kwal da Masana'antunsa

Kwal ragowar tsirrai ne da suka ruɓe cikin fadamu miliyoyin shekaru da suka wuce, ƙasa ta binne su, zafi da nauyi suka mayar da su baƙin dutse mai cin wuta. A Nijeriya an gano shi a yankin Udi a 1909, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya fara jigilarsa daga Inugu zuwa Fatakwal. A mahaƙar Kwarin Iba ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a ranar 18 ga Nuwamba, 1949. An kafa Hukumar Kwal ta Nijeriya a 1950, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙa ya kai kimanin tan 900,000 a shekara. Daga nan harkar ta yi ta ja da baya saboda jiragen ƙasa sun koma amfani da man gas, sannan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya durƙusar da mahaƙan.

A arewa, an buɗe mahaƙar Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe a shekarun 2000, domin samar wa kamfanin siminti na Ashaka makamashi. Akwai kuma mahaƙai a yankin Okaba da Ankpa na Jihar Kogi. A Jamhuriyar Nijar, an kafa kamfanin SONICHAR a 1975 domin haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. Tashar lantarkinsa ta fara aiki a farkon shekarun 1980, aka gina ta don ba da wuta ga mahaƙan yuraniyom na yankin Arlit da kuma birnin Agadas.

A irin waɗannan wurare haidirokabon yana shiga ƙasa ta ƙofofi da dama. Iska tana kwasar ƙurar kwal daga ramin haƙa da kuma bayan manyan motoci ta watsa a gonaki. Tarin tarkacen da aka zubar a gefen rami yakan kama wuta da kansa, ya yi ta ci a hankali watanni yana fitar da hayaƙi. Ruwan sama yana wanke tsibin kwal ya gangara da shi rafi. Manyan injunan haƙa su ma suna zubar da man gas da baƙin mai. Amma mafi muni shi ne inda ake gasa kwal cikin rufaffen murhu domin a sami gas ko makamashin narkar da ƙarfe, domin a nan ne kwaltar kwal take fita, wadda ta fi komai tara sinadarai masu tarin zobba. A Ingila da Jamus da Amurka akwai filayen tsofaffin masana'antun gas da aka rufe fiye da shekara 50, amma har yanzu idan aka tona ana tarar da kwaltar kwance a ƙarƙashi.

Yadda Aka Gano Illar

A 1775 wani likita a Landan mai suna Percivall Pott ya lura cewa mutanen da suka yi aikin share bututun hayaƙi tun suna yara suna yawan kamuwa da ciwon daji a fatar marainansu. Ya danganta ciwon da kunkunniyar kwal da ke maƙalewa a jikinsu. Wannan yana cikin karon farko da aka alaƙanta ciwon daji da sana'a. A 1915 wasu masana biyu a Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka yi ta shafa kwaltar kwal a kunnuwan zomaye na tsawon watanni har ciwon ya bayyana. Daga nan sai tambaya ta koma: wane sinadari ne a cikin kwaltar ke yin wannan ɓarna? A 1933 masu bincike a Landan, ƙarƙashin jagorancin Ernest Kennaway, suka tace kimanin tan 2 na kwalta suka fitar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na wani sinadari, wato benzofairin. A yau hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya benzofairin da benzin da kwaltar kwal da kunkunniya cikin rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Ina Ruwan Dutsin-Ma da Kurfi?

Babu mahaƙar kwal a Dutsin-Ma ko Kurfi, kuma ilimin duwatsu ya bayyana dalili. Yankin yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri irin waɗanda ake gani sun yi tsaye a cikin garin Dutsin-Ma, kwal kuwa ba ya samuwa sai cikin duwatsun da suka taru daga laka da rairayi. To amma sinadari ba ya tambayar asalinsa. Benzofairin da ke cikin kwaltar kwal shi ne dai wanda ke cikin baƙin mai da hayaƙin taya.

Baƙin mai shi ne babbar ƙofa. Sabon man juye ba ya ɗauke da masu tarin zobba da yawa, amma yayin da yake zagayawa cikin inji yana kwasar ragowar ƙunar fetur da ɓurɓushin ƙarafa, shi ya sa yake yin baƙi. A bakin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi zuwa Dutsin-Ma, da cikin unguwanni, akwai masu gyaran mota da babur da janareta da injin ban-ruwa, kuma sau da yawa man da aka juye a ƙasa yake ƙarewa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 garin ya ƙara cika, ababen hawa da janaretoci suka ƙaru.

Akwai kuma wasu al'adu da aka saba da su har ba a ganin aibinsu. Ana shafa baƙin mai a jikin azara da katako don maganin gara. Ana zuba shi a masai don kashe wari da sauro. Wasu makiyaya suna shafa shi a jikin dabba mai ƙazuwa ko gyambo. Wasu masu babbaka suna amfani da tsohuwar taya maimakon itace. Masu sayar da fetur a galan sukan zuƙo shi da baki ta cikin tiyo, kanikawa kuma sukan wanke hannu da shi. Ramin da ake ƙona gawayi da jujin da ake cinna wa wuta, su ma suna barin toka da kunkunniya a ƙasa.

Yanayin yankin yana ƙara wa lamarin nauyi. Mafi yawan ƙasar jigawa ce mai rairayi, wadda ba ta riƙe abin da aka zuba mata. Rijiyoyin gida ba su da zurfi sosai, domin ruwansu yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke saman dutse mai tauri. Ruwan farkon damina yana wanke abin da ya taru a rani ya kai shi rafuka da kududdufai, wasu kuma su gangara zuwa manyan madatsai irin Dam ɗin Zobe da aka kammala a kan kogin Karaduwa a 1983, inda ake kamun kifi da noman rani, ake kuma ɗibar ruwan sha.

Abin da Ke Faruwa Cikin Ƙasa

Lafiyayyar ƙasar noma tana da ƙananan kafofi tsakanin ƙwayoyinta, inda iska da ruwa ke zama. Idan mai ya zuba, sai ya lulluɓe kowace ƙwayar ƙasa ya toshe kafofin. Ruwan sama ya riƙa gangarewa ta sama bai shiga ba, saiwa ta rasa iskar shaƙa, irin da aka shuka ya kasa jiƙa balle ya tsiro. Tana da sauran ƙananan halittu masu gyara ƙasa su mutu ko su gudu.

Akwai wata illa ta biyu wadda ba a gani da ido. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna iya cin haidirokabon, kuma idan suka sami mai sai su hayayyafa ƙwarai. Amma mai ba shi da naitirojin, wato sinadarin da ke cikin takin yuriya, don haka sai su wawashe ɗan wanda ke cikin ƙasa. Shi ya sa masara ko dawar da ta tsiro a gefen gurɓataccen wuri take fitowa rawaya, a tsumbure, kamar ba a taɓa sa mata taki ba.

Yadda Suke Shiga Jiki

Hanya ta farko ita ce fata, musamman ga yaran da ke koyon kanikanci suna wuni da tufafi jiƙe da mai. Hanya ta biyu ita ce numfashi, ta hayaƙi ko ta ƙurar da iskar hunturu ke tayarwa daga gurɓatacciyar ƙasa. Ta uku ita ce baki. Ƙananan yara suna wasa da ƙasa su kai hannu baki, don haka sun fi manya haɗiyar ta. Ganyaye irin su latas da alayyafo suna tara ƙura a jikinsu, karas da dankali kuwa suna ɗaukar ta a ɓawonsu. Naman da aka babbake da taya yana ɗauke da kunkunniyar a fatarsa. Ta huɗu ita ce ruwan rijiya.

Abin mamaki game da benzofairin shi ne, jiki da kansa ke mayar da shi guba. Da yake ba ya narkewa a ruwa, hanta tana ƙoƙarin sauya shi domin a fitar da shi ta fitsari ko bayan gida. A cikin wannan ƙoƙari ne wani kaso yake rikiɗewa ya zama sinadari mai saurin mannewa, wanda ke liƙe wa DNA, wato kundin umurnin da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Idan ƙwayar ta zo rabuwa sai a kwafi umurnin da kuskure. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wuraren da sinadarin ke liƙewa a wani sashe na DNA mai hana ƙari girma, su ne wuraren da aka fi samun lalacewa a ciwon dajin huhu. Ciwon ba ya bayyana nan take. Yakan ɗauki shekara 10 ko 20 ko fiye, lokacin da mai shi ya manta da garejin da ya yi ƙuruciya a ciki. Huhu da fata da mafitsara su ne sassan da aka fi ganin abin a jikin ma'aikatan kwal da kwalta.

Benzin, wanda ke cikin fetur, ɓargo yake taɓawa, inda ake ƙera jini, kuma yana haddasa ƙarancin jini da sankarar jini. Naftalin kuwa yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga mutanen da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Wannan ne ya sa likitoci ke hana ajiye kayan jarirai da kafur, domin yana iya jawo shawara mai tsanani.

Domin a gane ƙanƙantar abin da ke isa ya ɓata ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzofairin a ruwan sha a kan mikrogiram 0.7 cikin lita guda, na benzin kuma mikrogiram 10. Mikrogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ke nan giram ɗaya tak na benzofairin ya isa ya kai ruwa fiye da lita miliyan 1.4 bakin wannan iyaka. A rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011, an sami rijiyoyi a Nisisioken Ogale da benzin ɗinsu ya ninka iyakar fiye da sau 900, kuma rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Hanyoyin Kariya da Gyara

Mataki na farko shi ne hana man taɓa ƙasa. A riƙa juye shi cikin tasa, a tara a durom mai murfi, a sayar wa masu sake tace shi. A daɓe wurin aiki da siminti, a kuma nisanta gareji da wurin sayar da mai daga rijiya da rafi. Kanikawa su wanke hannu da sabulu maimakon fetur, su kuma ware tufafin aiki daga na gida. A bar babbaka da taya, a bar shafa wa dabbobi baƙin mai. Masu girki su wanke ganye sosai, su fere karas da dankali.

Inda ƙasa ta riga ta ɓaci, ana iya sa bakteriyar nan masu cin mai su yi aikin gyara, muddin an ba su abin da suke buƙata. Ana kaftar ƙasar a juya ta a kai a kai don iska ta shiga, a cakuɗa ta da kashin kaji ko na shanu don samun naitirojin, a riƙa yayyafa ruwa don ta zauna da danshi. Zafin ƙasar Hausa yana taimakon wannan aiki. Masu sauƙi sukan ragu cikin watanni, amma masu zobba 5 ko 6 suna daɗewa, don haka ba a gaggawar shuka abinci a wurin. An fi so a fara dasa ciyawa mai dogayen saiwoyi irin jema, wadda ke riƙe ƙasa tana kuma ƙarfafa ƙananan halittun da ke gindinta. Idan rijiya ta fara ƙamshin fetur ko aka ga maiƙo mai launin bakan gizo a samanta, a daina sha, domin tafasawa ba ta tsarkake irin wannan ruwa. A kai rahoto ga jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma. A matakin tarayya kuwa akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, da NOSDRA da aka kafa a 2006 don kula da malalar mai.

Gwajin da Za a Iya Yi a Makaranta

A samo gwangwanaye 4 masu girma ɗaya, a huda gindinsu, a cika kowanne da ƙasar gona guda. A bar na farko haka nan. A cakuɗa na biyu da baƙin mai cokali 1, na uku cokali 3, na huɗu cokali 3 tare da tafin hannu guda na busasshen kashin shanu. Malami ne zai zuba man, sanye da safar hannu. A shuka ƙwayar wake 5 a kowanne, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida har kwana 21. Ɗalibai su rubuta ranar tsirowa da yawan waɗanda suka tsiro da tsawonsu da launin ganyensu, su kuma lura da tsawon lokacin da ruwa ke ɗauka kafin ya nutse a kowane gwangwani. Bayan an gama, kada a zubar da ƙasar a lambun makaranta.

Kammalawa

Masana'antun kwal sun koya wa duniya, ta hanyar rayukan ma'aikata masu yawa, cewa abin da aka zuba wa ƙasa yana dawowa ta abinci da ruwa da numfashi. Garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi ba su da ramin kwal, amma suna da ɗaruruwan ƙananan wuraren da irin waɗannan sinadarai ke ɗiga kullum, a kan ƙasa mai rairayi da ruwa a kusa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibin da ya fahimci wannan darasi yana iya fara aiki da shi daga garejin da ke ƙofar gidansu.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta benzin da benzofairin ta fuskar siffa da kuma halinsu a cikin ƙasa?
2. Me ya sa ba a samun kwal a yankin Dutsin-Ma?
3. Bayyana dalilin da ke sa shuka yin rawaya a ƙasar da mai ya zuba.
4. Jarka nawa mai cin lita 25 giram ɗaya na benzofairin zai iya kaiwa bakin iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa?
5. A gwajin wake, mene ne amfanin gwangwani na farko, kuma wace tambaya gwangwani na huɗu yake amsawa?